Kuɗin Da Kati Ke Ci A Ɓoye: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sayi Tikitin Jirgi A Intanet

Tikitin jirgin sama da aka saya a intanet farashi uku gare shi. Akwai wanda ka fara gani lokacin da kake dube-dube, akwai wanda ke bayyana a shafin ƙarshe idan ka zo biya, sannan akwai wanda alat ɗin banki zai nuna maka bayan an gama komai. Na farkon talla ne kawai. Na biyun yakan ɗara na farko. Na ukun shi ne ainihin abin da ya fita daga aljihunka, kuma shi ne mutane ba su cika zama su lissafa ba, don da zarar tikiti ya shigo waya hankali ya koma kan biza da masauki da kilo nawa za a bari a ɗauka.

Maganar ta shafi mutanen Fagge da Sabon Gari fiye da yawancin Kanawa. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana bakin ƙofarsu. 'Yan Kantin Kwari ba sa rabuwa da hanyar Dubai da Guangzhou, 'yan kasuwar Sabon Gari kullum suna tsakanin Kano da Legas, ga masu Umara da ke cika jiragen Jidda daga Rajab har ƙarshen azumi, ga marasa lafiya da ake kaiwa Alƙahira ko Indiya. A da duk wannan ta hannun ejan yake bi: ka je ofishinsa, ka ƙirga masa kuɗi, ya miƙo maka takarda. Yanzu kuwa, musamman tun ƙarancin takardar naira na farkon 2023 da ya tilasta wa kowa koyon tiransifa, sai Alhaji ya miƙa wa yaron shagonsa waya da kati ya ce, "Duba mana mai sauƙi." Wannan Alhajin idan ya shiga Wapa wajen 'yan canji zai iya shafe rabin awa yana ja-in-ja a kan naira 2 a kowace dala, ya bar wannan rumfa ya koma waccan. A intanet kuwa sai a sayar masa da dala da ƙarin naira 50 ko 100, ya yi hamdala ya ce an samu tikiti da araha.

Wa ke cin me idan ka biya da kati

Babu biyan kati da yake kyauta. Duk sanda ka shigar da lambobin katinka ka danna, kuɗin na bi ta hannu huɗu kafin ya isa ga mai jirgi. Akwai bankin da ya ba ka katin. Akwai kamfanin da tambarinsa ke jikin katin, wato Visa ko Mastercard ko Verve. Akwai kamfanin da ke karɓar biya a madadin shafin, irin su Interswitch da Paystack da Flutterwave. Sai kuma bankin mai sayarwa. Kowannensu yana da la'adarsa, kamar dillalai a kara, sai dai a kara kana ganin dillalin da idonka, kuma kana jin nawa ya ce.

A tsarin asali, mai sayarwa ne ke ɗaukar wannan la'ada. Ana zare ta daga kuɗin kafin ya faɗa asusunsa. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, CBN, a kan na'urar POS ma ta hana ɗan kasuwa ya ƙara wa mai saye kuɗi don kawai ya zaɓi biya da kati. Kada a haɗa wannan da cajin mai POS na bakin titi da ke ba ka tsabar kuɗi. Shi hidimar yake sayarwa, kuma ka san nawa ne tun kafin ka miƙa kati. To amma a intanet an samo dabara. Ba a cika rubuta cewa kuɗin kati ne ba. Sai a kira shi kuɗin hidima, ko kuɗin sauƙaƙa biya, ko kuɗin kama kujera, a ajiye shi sai shafin ƙarshe, bayan ka gaji da cike suna da lambar fasfo da ranar haihuwar kowane yaro. Masu tsara shafukan sun san wanda ya yi wannan wahalar da wuya ya juya baya saboda naira 5,000, balle ga agogo a gefe yana ƙirga mintunan da suka rage kafin a saki kujerar.

Nawa ce la'adar a zahiri? Kamfanin Paystack, wanda shafuka da yawa a Najeriya ke karɓar kuɗi ta hannunsa, ya daɗe yana wallafa farashinsa a fili: kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a kan katin cikin gida, kuma komai girman cinikin cajin ba ya wuce naira 2,000. Katin ƙasar waje kuwa kashi 3.9 cikin 100 ne da naira 100. Riƙe wannan a matsayin ma'auni. Idan tikitin Kano zuwa Legas naira 150,000 ne, aka ɗora maka kashi 3 cikin 100, wato naira 4,500, aka ce na kati ne, to ka san fiye da rabin kuɗin riba ce aka saka wa rigar banki. Haka nan idan ɗan'uwa da ke Saudiyya ko Amurka ya ce zai biya maka da katinsa a shafin Najeriya, kada ka yi mamaki idan jimillar ta tashi. Katinsa ya fi naka tsadar karɓa, ninki biyu da ɗoriya.

Sai dai ba duk ƙarin da ka gani a tikiti ne na kati ba, kuma wanda bai rarrabe ba zai je yana faɗa da wanda ba shi da laifi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana da kashi 5 cikin 100 a kan kowane tikitin da aka sayar, ana raba shi tsakaninta da sauran hukumomin jiragen sama. Hukumar filayen jirgi, FAAN, tana da kuɗin fasinja, wanda a 2020 ta ɗaga daga naira 1,000 zuwa 2,000 a tafiyar cikin gida, daga dala 50 zuwa 100 a tafiyar ƙetare. Akwai kuma abin da za ka gani a rasit da haruffan YQ ko YR. Wannan ba harajin gwamnati ba ne ko da yake a layin haraji ake jera shi. Kamfanin jirgin ne ke ɗorawa, yawanci da sunan kuɗin mai, kuma a doguwar tafiya yakan yi kauri sosai. Duk waɗannan dole ne ka biya su ko da tsabar kuɗi ka je da su a buhu.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Idan ka isa shafin biya, kada ka yi gaggawa. Taɓa kati ka kalli jimilla. Koma ka taɓa tiransifa, ko biya a banki, ka sake kallo. Abin da bai motsa ba haraji ne da kuɗin kujera. Abin da ya motsa, shi ne kuɗin hanyar biya. Tiransifa dai, bisa jadawalin cajin bankuna da CBN ya fitar a farkon 2020, naira 50 ce idan kuɗin ya haura naira 50,000, ban da harajin VAT da ke kan cajin da kuma naira 50 ta gwamnati da ke kan duk turin kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama. Kamfanonin jirage da yawa na cikin gida suna barin mutum ya kama kujera a shafinsu ya biya ta tiransifa cikin wasu awoyi. Idan akwai wannan zaɓin, ba ka da dalilin biyan dubbai don kati.

Babban ramin yana wajen canji

Duk cajin kati da aka faɗa a sama ƙananan kuɗi ne. Inda ake yi wa matafiyi yankan gaske shi ne wajen juya riyal ko dirhami ko dala zuwa naira, domin a nan babu layin da aka rubuta caji a kai. An narkar da shi cikin farashin canjin.

Yadda muka iso nan yana da tarihi, kuma duk mai harka a Kwari ya gan shi. A 2020, da annobar korona ta zo farashin mai ya faɗi, bankuna suka fara rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje, har ya sauko dala 100 a wata. A 2022 ya koma dala 20. Zuwa ƙarshen shekarar da farkon 2023 yawancin manyan bankuna sun rufe ƙofar gaba ɗaya. A daidai lokacin, kamfanonin jiragen ƙetare sun sayar da tikiti da naira amma sun kasa samun dala su kai gida. Ƙungiyarsu ta duniya, IATA, ta ce kuɗin da ya maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800 a tsakiyar 2023. Emirates ya daina zuwa Najeriya a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Sauran suka rufe kujeru masu sauƙi ga mai biya da naira, suka bar masu tsada. Sai ya zama kujerar da ejan a Fagge ke faɗa maka da tsada, ita ce ɗin dai za ka gani da rangwame a wani shafin waje, in dai kana da katin dala. Mutane suka koyi buɗe katin dala na cikin manhaja, wasu suka koma aron katin aboki ko ɗan'uwa.

Al'amura sun sauya tun daga nan. A Yunin 2023 CBN ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. An biya kamfanonin jirage kusan duk kuɗinsu a 2024. A Yulin 2025 bankuna suka fara sake buɗe katin naira ga sayayyar waje, kowanne da iyakarsa. Amma abin da mutane suka koya a shekarun ƙunci ya zauna musu a kai, wato shafin waje ya fi araha. Wani lokacin gaskiya ne. Wani lokacin kuwa lissafi ne ba a yi ba.

Bari mu yi shi da misali. Alƙaluman na kwatance ne, amma tsarin haka yake. An ce tikitin zuwa Jidda da dawowa riyal 3,000 ne a wani shafi. Riyal ɗaure take da dala tun 1986, riyal 3.75 dala 1, don haka dala 800 ke nan cif. A ce dala tana naira 1,500 a ranar. Yaron shago ya buga a kalkuleta ya ce, "Alhaji, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne." Ejan kuwa ya ce 1,260,000. Alhaji ya ce a saya a intanet.

A shafin ƙarshe aka ɗora kashi 2 cikin 100 na kati, riyal 60. Jimilla ta koma riyal 3,060, wato dala 816. Wannan an gani, an ce ba komai. Daga nan sai shafin ya fito da zaɓi biyu: a biya da riyal, ko a biya da dala, kuma an riga an yi wa dalar alama, da ɗan rubutu mai kwantar da hankali cewa ta haka za ka san takamaiman abin da za a cire. An rubuta dala 848.64. Yaron ya ga dala, kuɗin da ya saba da shi, ya danna. Bai lura ba cewa dala 816 ce aka ƙara wa kashi 4 cikin 100. Sannan bankin Alhaji, ko manhajar da ta ba shi katin, ta lissafa masa dala a naira 1,530. Alat ya shigo: naira 1,298,419.

Ƙarin ya kai naira 98,000 da 'yan kai a kan abin da aka buga a kalkuleta. A ciki, naira 24,000 kaɗai aka nuna a fili. Sauran 74,000 ɗin ba su da layi a rasit. Tikitin ejan da aka raina ya fi wannan sauƙi da fiye da naira 38,000. Idan kuwa mutum biyar ne za su yi Umarar, mai gida da iyali, ƙarin ya doshi rabin miliyan. Raba abin da alat ya nuna da dala 800, za ka ga an sayi kowace dala a naira 1,623. Babu ɗan canjin da zai faɗi wannan farashi a Wapa, ranar da ake sayarwa 1,500, a tsaya a saurare shi.

Wannan zaɓi na biyun, inda shafin ke tayin yi maka canji da kansa, a harkar banki DCC ake ce masa, kuma za ka gamu da shi har a na'urar POS ta otal a Makka ko ATM a Dubai. Ƙa'idojin Visa da Mastercard sun ce dole a ba mai kati zaɓi, ba a tilasta masa ba, shi ya sa maɓallin ƙin yarda yana nan, sai dai a ƙanƙance shi. A misalinmu, da yaron ya taɓa riyal, da abin da za a cire naira 1,248,480 ne. Taɓawa ɗaya, bambancin kusan naira 50,000. Dokar a nan gajeriya ce: biya da kuɗin da mai sayarwa ya sa farashi da shi, ka bar kamfanin kati da bankinka su yi canjin. Su ma suna cin nasu, amma da wuya ya kai na shafin, kuma idan katinka na naira ne ka yarda da tayin dala, canji biyu ka biya.

Akwai wani tarko kusa da wannan. Wani shafin zai nuna maka farashi da naira tun daga farko har ƙarshe, ka ɗauka cinikin gida kake yi, alhali kamfanin da bankinsa suna Turai ko Dubai. Bankinka wurin da mai sayarwa yake yake kallo, don haka zai ɗauke shi cinikin ƙetare: ya shiga cikin iyakar dalarka, ko ya ƙi wucewa, ko abin da aka cire ya bambanta da abin da ka gani. Gangara ƙasan shafin ka duba adireshin kamfanin kafin ka fara cike komai. Wannan daban ne da shafin kamfanin jirgi na ainihi wanda ya buɗe wa Najeriya sashe yana karɓar naira ta bankin gida. Shi wannan ciniki ne na gida, kuma sau da yawa shi ya fi tsabta.

Katin dala na cikin manhaja ya ceci mutane a lokacin da babu mafita, wannan ba a musu. Amma cajinsa hawa-hawa ne: akwai na buɗe katin, akwai farashin da za su sayar maka da dala idan za ka zuba kuɗi, wasu suna da caji a kan kowane ciniki na waje, wasu har idan biya ya ƙi wucewa don kuɗi bai isa ba sai sun cire wani abu. Wanda ya zuba dala 800 daidai don tikitin dala 800, bai san za a ɗora 16 a shafin ƙarshe ba, zai ga an ƙi karɓa, ya sake gwadawa, a sake ƙi, kowane gwaji da tararsa.

Aron kati kuwa matsalarsa ta wuce ta caji. Wasu kamfanonin jirage suna da sharaɗin cewa za su iya neman ganin katin da aka biya da shi a wajen awon kaya, ko takardar izini daga mai katin idan ba ya cikin matafiya. Ka karanta wannan sharaɗin tun a gida, kada sai kana layi a filin jirgi mai katin yana Kaduna waya a kashe. Mafi muni su ne masu tallar tikiti rabin kuɗi a WhatsApp. Da yawa da katin sata suke saye. Tikitin zai fito, har ka gan shi a shafin kamfani, amma ranar da mai katin ya kai ƙara banki aka janye kuɗin, sai a soke shi, kai kuma ka tsaya kana bayani. Araha ba ta ado.

Yadda wasu ƙasashe suka yi da abin

Ba mu muka fara kuka da wannan ba. A Birtaniya, ƙungiyar masu saye ta Which? ta kai ƙara a 2011, hukumar da ta bincika ta ƙiyasta cewa fasinjoji sun biya kusan fam miliyan 300 a shekarar 2009 kaɗai a matsayin cajin kati a kan tikitin jirgi. A 2012 kamfanonin jirage 12 suka amince su haɗa cajin katin cire kuɗi cikin farashin da suke tallatawa, sannan daga 13 ga Janairun 2018 aka haramta ƙarin kuɗi a kan katin ɗaiɗaikun masu saye a Birtaniya da Tarayyar Turai. A Ostireliya kotu ta ci tarar kamfanonin jirage na Jetstar da Virgin a 2017 saboda ɓoye cajin har sai mai saye ya yi nisa da cike-cike. Amurka tun 2012 ta wajabta wa masu sayar da tikiti su tallata cikakken farashi har da haraji.

Abu biyu ne ya shafe ka a nan. Haramcin Turai katin da aka bayar a Turai yake karewa, don haka katin da ka karɓa a reshen banki na titin Murtala Muhammad bai shiga wannan inuwar ba, ana iya cajinsa. Sannan ko a can, da aka hana cajin kati, wasu kamfanoni sauya masa suna suka yi ya koma kuɗin hidima da kowa ke biya. A gida kuma, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayyana farashi, ta kuma hana a karɓi fiye da abin da aka bayyana. Dokar tana nan a rubuce. Mutane ne ba su cika kai ƙara a kan naira 4,000 ba, masu cajin kuma da wannan suka dogara.

In an cire kuɗi, ko in an fasa tafiya

"An cire kuɗin amma tikiti bai fito ba." Babu mai sayar da tikiti a Kano da bai ji wannan magana ba. Abu na farko, kada ka sake biya nan take. Sau da yawa banki riƙe kuɗin ya yi bai kai ga miƙawa ba, kuma wanda ya sake dannawa cikin fushi yakan wayi gari da cira biyu. Abu na biyu, san bambancin kama kujera da tikiti. Lambar nan mai haruffa shida da ake turo maka shaidar kama kujera ce kawai. Tikitin manyan kamfanonin ƙetare lamba 13 gare shi, ukun farko na kamfanin ne: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 065 Saudia, 157 Qatar Airways. Idan ba ka ga wannan lambar ba, ba ka da tikiti tukuna, ko da an turo maka takarda mai launi da tambari. Ɗauki haruffa shidan da sunan mahaifi kamar yadda yake a fasfo, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kansa ka tabbatar.

Idan ciniki ya lalace a shafin cikin gida, CBN ya ba bankuna awa 72 su warware rikicin biyan intanet da na POS, tun Yunin 2020. Rubuta wa bankinka, karɓi lambar ƙorafi, ajiye hoton alat da na shafin. In mako biyu ya wuce ba a yi komai ba, kana da damar kai magana sashen kare masu hulɗa da banki na CBN. Idan kamfanin jirgi ne ya soke tashi kuma ka zaɓi a mayar maka da kuɗinka, ƙa'idar NCAA kwana 14 ce ga wanda ya biya ta banki ko kati, kuma hukumar tana da jami'an karɓar koke a filayen jirgi.

Amma ko an mayar, da wuya ya dawo cif. Kuɗin kati da kuɗin hidima yawanci an rubuta ba a mayar da su. Kuɗin zai koma katin da aka biya da shi ne, ba asusun matafiyi ba, don haka wanda ya yi aro sai ya bi mai katin, wanda kuma manhajarsa ta rufe katin sai ya bi manhajar. Idan da kuɗin waje aka biya, za a sake canji a farashin ranar mayarwa, kuma banki ba ya sayen dala a farashin da ya sayar maka. Idan ta shafin dillalan tikiti na waje ka bi, kamfanin jirgi zai ce ka koma inda ka saya, su kuma su cire nasu kuɗin sokewa a kan na kamfanin, ga shi ba su da ofis a Najeriya da za ka je ka zauna.

A nan ne ejan ya fi intanet, idan na kirki ne. Shi ma yana cin nasa, wasu ma suna lanƙwasa kamashonsu cikin farashin canji kamar yadda shafukan ke yi, kuma akwai 'yan damfara masu ofishin wata uku. Amma ejan mai rajista, ɗan ƙungiyarsu ta NANTA, ko mai lasisin hukumar alhazai, NAHCON, idan harkar Hajji da Umara ce, yana da ƙofa da kujera da maƙwabta. Ranar da aka ɗaga jirgi ko biza ta makara, akwai wanda za ka kira ya ɗauka, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka ce masa ya raba maka lissafin a rubuce: nawa ne kuɗin kujera, nawa ne haraji, nawa ne nasa, a nawa ya lissafa dala. Na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

A ganina, tafiyar cikin gida ba ta buƙatar dogon tunani: shiga shafin kamfanin jirgin kai tsaye, biya ta tiransifa idan sun yarda. Tafiyar ƙetare mai sauƙi, mutum ɗaya, zuwa da dawowa, gwada shafin kamfanin na Najeriya da naira tukuna kafin ka leƙa na dillalai. Tafiyar iyali, ko ta jinya da ranar dawowa ba ta da tabbas, ko wadda biza ba ta fito ba, bar ta a hannun ejan ko da ya ɗara da ɗan wani abu. Duk wadda ka zaɓa, kada ka gwada farashin farko na wannan da farashin farko na wancan. Bi kowanne har shafin ƙarshe, tsaya kafin ka danna, tambayi bankinka ko manhajarka a nawa suke lissafa dala a ranar, ka buga jimillar da naira. Bayan ka biya kuma, raba abin da aka cire da farashin tikitin na asali ka ajiye amsar, don da ita za ka san katin da za ka sake amfani da shi a tafiya ta gaba da wanda za ka bari a aljihu.